Tsirkiya: daga izgar doki zuwa zaren fatsa

Yau kan tsirkiya za mu tattauna, wato igiyar nan da ake ɗaura wa goge ko garaya.

Ku lura da sunan tukuna. Da igiyar bakan maharbi da ta garaya, duk tsirkiya Bahaushe yake ce musu, kuma garaya dama kiɗan mafarauta ce tun asali, kafin ’yan bori su ɗauke ta.

Ina yaro a wani ƙauye kusa da Gezawa, akwai ƙanen kakana mai goge. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, sai gashin wutsiyar doki a matsayin tsirkiya, bakan gogawar ma izga ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Ba kowane gashi yake karɓa ba. Sai na ingarma, dogo, wanda bai yi kaushi ba. Ya ce na goɗiya fitsari yana ɓata shi. Zai zauna ya tsince shi sili-sili, ya ja kowanne tsakanin yatsu, wanda ya ji da gargada ya yar. Wata shekara ana saura kwana biyu biki tsirkiyar ta tsinke, ga shi ya riga ya karɓi kuɗin kafin alƙalami. Dawakin ƙauyen sun ƙare, masu su sun koma babur. Wani ya kawo masa zaren fatsa na roba. Ya ɗaura, ya goga sau biyu, ya ce, "Wannan ai ba ta magana." Sai da ya taka har gidan wani mai doki a wani gari ya roƙo izga.

To, ba mu kaɗai wannan canji ya samu ba. A Andalus ta ƙasar Sifen, inda kiɗan filamenko ya fito, da hanjin tumaki ake murɗa tsirkiyar jita shekaru aru-aru. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, hanjin ya yi wuya, don da shi ake ɗinkin raunin sojoji. Bayan yaƙin, wajen 1947, Albert Augustine a New York tare da makaɗin jita Andrés Segovia suka fito da tsirkiyar nailan. Yau kusan duk mai jitar filamenko ita yake ɗaurawa, zaɓin da ya rage masa shi ne mai tauri ko mai laushi.

A nan ma masu garaya da gurmi da yawa sun rungumi zaren roba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Damina ba ta sa shi saki, ga araha. Abin da ake kaɗawa da yatsa ya jure canji. Ku tuna Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015: gwangwani ne kuntiginsa, tsirkiya ɗaya tal, ya kuma zaga duniya da shi. Goge da kukuma ne suka ƙi, saboda ƙaro yana son gashi mai kama shi, roba kuwa santsi gare ta.

Gogen tsohon yana nan rataye a ɗakin babana. Fatar ta tsage, amma izgar da ya roƙo ɗin ce a jiki har yanzu.