Akwatin Wasa a Cikin Kwamfuta: Tarihin Neman Sauri

A shekarar 1971, sa'ad da kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit, babu akwatin wasan bidiyo ko ɗaya a kasuwannin duniya. Na farkonsu, Magnavox Odyssey, ya fito a Amurka a 1972. Ke nan garin da wasan tsarar juna ne. Akwatunan dā sun tsufa, da yawa sun mutu, kuma wasanninsu suna raye ne a cikin manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ta ari halin akwatin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Aikin wannan manhaja aikin tafinta ne. Akwati yana da harshensa, kwamfuta tana da nata. Da fari tafintan yakan fassara umarni ɗai-ɗai, in umarnin ya dawo sau dubu ya sake fassara shi sau dubu, sai wasa ya yi ta jan ƙafa, sauti yana tsinkewa. Daga baya masana suka koya masa ya fassara jerin umarni gaba ɗaya, ya adana, ya ɗauko idan an sake bukata. Wata dabarar ita ce tsallake wasu hotuna. Ido yakan yafe, ko da yake motsi ya rasa laushinsa.

Manhajar ZSNES ta 1997 an rubuta ta da harshen da ya fi kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ya sa ta gudu a kan raunanan injuna. A Janairun 1999 kuma UltraHLE ta girgiza masu sha'awa: ta kunna Super Mario 64 a kwamfutar gida, alhali akwatin Nintendo 64 bai cika shekara uku a kasuwa ba. Ba ta kwaikwayi kowane sashe na akwatin ba. Takan gane abin da wasa yake nema, ta miƙa wa katin hoto ya zana. Saurin ya samu, amma wasanni kaɗan ne suka yi aiki daidai.

Mai manhajar bsnes, wadda aka fara a 2004, ya bi akasin haka. A 2011 ya bayyana cewa kwaikwayon Super Nintendo ba tare da ha'inci ba yana bukatar kwamfuta mai gigahaz 3, ga akwatin da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai megahaz 4 ba. Mai adana tarihi zai ba shi gaskiya. Mai tsohuwar kwamfuta kuwa sai ya haƙura da fassarar gaggawa.

A Arlit da Akokan akwai abin da waɗannan masana ba su lissafa ba. Zafin Mayu da Yuni yakan haura digiri 40, ƙura kuma tana toshe fankar inji. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta ɗau zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai wasannin 1990 yakan sami ƙarin sauri ta hanyar buɗe inji ya kakkaɓe ƙura, tun kafin ya taɓa saitin manhaja.