Bayan Likitan Tiyata Ya Ajiye Allura

Da aikin gashin ƙashi ya shigo Najeriya a 1945, ba matsalar mata ce ta kawo shi ba. Turawan Ingila biyu ne suka soma shi a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, wurin da aka kafa don jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Jami'ar Ibadan ta fara karatun digirinsa a 1966. Karaya, shan inna da shanyewar ɓarin jiki, su ne abin da aka san mu masu wannan aiki da shi, su ne kuma suka cinye manhajar da muka karanta. Tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, a zanen littafi muka fi ganinsu.

Alhali a waje an daɗe da farawa. Tun wajen 1912 Minnie Randell ke koya wa masu jego motsa jiki a asibitin St Thomas na Landan. A 1948 Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, ya wallafa bincikensa kan matse waɗannan tsokoki, har da na'urar auna ƙarfinsu, sai sunansa ya bi atisayen. Faransa kuwa tun 1985 take biya wa wadda ta haihu kuɗin wannan jinya.

Mu ta ƙofar yoyon fitsari muka shigo. Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo Babbar Ruga a Katsina aikin kuturta a 1983, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara, ya koma ɗinke su. Aikin ya bazu har cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano. Amma ɗinki bai gama magana ba. Akwai wadda hujin ya toshe sarai, fitsari bai daina zuba ba, don tsokar da za ta riƙe shi ta saki. Akwai wadda kan jariri ya danne mata jijiya kwana biyu ko uku, ta tashi tana jan ƙafa. Wata kuma ta daɗe a naɗe kan tabarma saboda kunya, gaɓoɓinta sun sandare. Irin waɗannan ake turo mana da 'yar takarda, mu kuwa muka riƙa koyo a kansu, a bakin gado.

Ƙanwata mai son wannan layi, hanyar a takarda ba ta da wuya: digiri, shekara guda ta horon asibiti, rajista da MRTB, hukumar da ke kula da masu wannan aiki. Abin da takarda ba ta bayarwa shi ne hannu. Ki ce wa mace "matse" da baki kawai, sau da yawa sai ta yi yunƙuri ƙasa, ko ta ɗaure ciki da cinya tana riƙe numfashi. Sai kin nemi izininta, kin sa safar hannu, kin ji tsokar da yatsa, sannan ki san me take yi. Wannan kuwa zama kusa da wadda ta iya ne ke koyar da shi, kuma su kaɗan ne. Ga haƙuri: ƙarfin tsoka ba ya cika dawowa kafin wata uku na atisaye kullum, matar kuma kuɗin mota take lissafi.

A ganina yoyon fitsari ya buɗe mana ƙofa, ya kuma rufe mana ido. Mafi yawan masu bukatarmu ba su taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Uwa ce mai haihuwa bakwai da ke ɗigar fitsari in ta yi tari ko ta sunkuya ruku'u, tana sake alwala tana shiru. Ko wadda mahaifa ta zazzago mata, ko amaryar da kwanciyar aure ta zame mata azaba, wadda ita sakin tsokar take bukata, matsewa ƙara mata ciwo zai yi. Da yawansu mai kayan mata ta riga mu ganinsu, ta sayar masu da maganin matsi, don ita ta iya tambayar da ba ta sa mace sunkuyar da kai. Shi ya sa wasunmu suka daina jiran takardar likita, suka koma zuwa layin awon ciki da ranar rigakafin yara, inda in an ce "Hajiya, in kin yi atishawa kina jin lema?" sai a ga ana kallon juna kafin ɗaya ta ɗaga hannu.