Faifan Zinare na Auckland

A ranar 24 ga Janairun 1990 aka buɗe gasar wasannin ƙasashen Kwamanwel karo na 14 a birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan, kuma cikin ayarin da Najeriya ta aika akwai wani matashi ɗan shekara 21, haifaffen Zariya, mai suna Adewale Olukoju, wanda aka ɗora wa jifan faifai da jifan dalma. Kafin a rufe gasar ranar 3 ga Fabrairu ya rataya zinare da azurfa a wuyansa. Sai dai nauyin abin da ya faru a filin Mount Smart ba zai bayyana ba sai an koma baya, an bi hanyar da ta kai Najeriya wannan gari, da kuma wadda ta kai shi kansa mai jifan.

Zuwan Najeriya Niyu Zilan kaɗai labari ne. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da ashirin, har da Najeriya, suka tattara kayansu suka bar gasar Olamfik ta Montreal, domin 'yan wasan zari-ruga na Niyu Zilan sun je wasa Afirka ta Kudu a daidai lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ke harbe 'yan makaranta a Soweto. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙi tura kowa gasar Kwamanwel ta Edmonton a kan wannan dalili, sannan a 1986 Najeriya ta shiga gaban ƙasashe 32 da suka ƙaurace wa gasar Edinburgh saboda Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ƙi sanya wa Afirka ta Kudu takunkumi. Matakai ne na mutunci, kuma tarihi ya gaskata su. Amma kuɗinsu ya fito ne daga aljihun 'yan wasa, waɗanda ƙarfinsu ba ya jiran sulhun shugabanni, domin shekarun ganiyar ɗan wasa ba su cika wuce goma ba, gasar kuwa sai bayan shekara huɗu take zagayowa.

Shi wannan faifai suna kawai ya haɗa shi da na kaba da ake rufe ƙwarya da shi. Na maza nauyinsa kilo 2 ne, faɗinsa kimanin santimita 22, bakinsa ƙarfe, tsakiyarsa ta ɗan yi tudu. Mai jifa yana shiga da'irar siminti mai faɗin mita biyu da rabi, wadda aka kewaye da raga ta ko'ina sai gaba, ya tsaya ya ba filin baya, faifan na kwance a tafinsa, gaɓoɓin ƙarshe na yatsunsa sun kama bakinsa. Sai ya lilo hannun sau ɗaya ko biyu, ya juya zagaye ɗaya da rabi, ƙafafu na riga ƙugu, ƙugu na riga kafaɗa, hannu na biye a ƙarshe kamar bulala, har faifan ya suɓuce ta kan ɗan ali yana wulwulawa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro makiyayi a bakin dajin Rugu, ta wajen Zakka ko Batsari, yana kaɗa majajjawa, ya riga ya ga asalin hikimar: nisan jifa daga juyi yake fitowa da sanin lokacin saki, damtse mai rakiya ne. Abin duka bai kai daƙiƙa biyu ba. In tafin ƙafa ya taka saman bakin da'irar, ko mutum ya fita ta gaba, alƙali ya ɗaga jar tuta, jifan ya tafi a banza komai nisansa.

Kafin Olukoju, Najeriya ta yi wani gwarzon faifai, ta kuma sake shi. Christian Okoye, haifaffen Inugu a 1961, ya tafi Jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya ta Amurka a 1982, inda ɗan ƙasarsa Innocent Egbunike, gwanin tseren mita 400, yake karatu. Ya yi fice a jifa, ya sa ransa ga gasar Olamfik ta 1984 da za a yi a Los Angeles, ƙofar gidan makarantarsa, sai hukumomin wasanni na Najeriya suka fitar da jerin sunaye babu nasa. Takaicin wannan ne ya sa ya ajiye faifan ya koma ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa, wasan da bai taso da shi ba. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa a gasar ƙasar nisan gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Amurka ta sami tauraro, da'irar jifan Najeriya ta zauna ba kowa.

Wannan gurbi Olukoju ya shiga, ta wannan makaranta kuma. Tun yana ɗan shekara 19 ya nuna kansa a gasar wasannin Afirka ta 1987 a Nairobi, inda ya ci zinare a faifai, ya ƙara da na dalma. Zamani ne da wasan ke hannun Turawan gabas da Amurkawa: ranar 6 ga Yunin 1986 Jürgen Schult na Jamus ta Gabas ya jefa mita 74.08 a Neubrandenburg, bajintar da ta tsaya kusan shekara 38 ba a goge ta ba. A irin wannan fage, baƙar fata daga Afirka ta Yamma a cikin ragar jifa abu ne da ba a saba gani ba, domin duniya ta riga ta raba wa nahiyar rabonta, gudu mai nisa ga gabas, gudun ƙanƙanin zango da tsalle ga yamma. Ko zinaren farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar Kwamanwel, wanda Emmanuel Ifeajuna ya kawo daga Vancouver a 1954, a tsallen sama aka same shi.

A Auckland, dalma ta ba Olukoju azurfa mai ɗaci. Simon Williams na Ingila ya jefa mita 18.54, Olukoju ya jefa 18.48, tazarar santimita 6, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A faifai kuwa manyan abokan karawarsa 'yan Ostareliya ne guda biyu, Werner Reiterer, tsaransa a shekaru, da Paul Nandapi, waɗanda suke tamkar a gida, tun da teku ɗaya ce kawai tsakanin ƙasarsu da filin. Nandapi ya tsaya a bayan layin mita 60. Reiterer ya ƙetare shi, ya kai 61.56. Faifan Olukoju ya sauka a mita 62.62, fiye da mita guda gaba da na biyu, tazarar da ba ta bar wa masu awo wata gardama ba, kuma aka ɗaga tutar kore da fari a kan wasan da ba a taɓa lissafa shi cikin na Najeriya ba. A wannan gasa Yusuf Alli ya ci zinaren dogon tsalle, Fatima Yusuf ta ci na mita 400 na mata, Davidson Ezinwa ya bi bayan Linford Christie a mita 100. A jajibirin rufe gasar, ranar 2 ga Fabrairu, Shugaba F. W. de Klerk na Afirka ta Kudu ya sanar da ɗage haramcin ƙungiyar ANC mai yaƙi da wariyar launin fata, ranar 11 ga wata kuma Nelson Mandela ya fito daga kurkuku. Dalilin da ya hana ƙarni guda na 'yan wasan Najeriya fagen nan ya fara rushewa a daidai makon da suka dawo cikinsa.

Shekarar 1991 ita ce ƙololuwar Olukoju, ita ce kuma ta nuna iyakarsa. A watan Mayu, a garin Modesto na Kalifoniya, ya jefa mita 67.80. Masana wasan sun san cewa faifai, saɓanin abin da hankali zai ɗauka, ya fi nisa idan iska na fuskantarsa, domin takan shiga ƙarƙashinsa ta tallafe shi kamar fuffuke, shi ya sa manyan jifa suka fi fitowa a buɗaɗɗun filaye, suka yi ƙaranci a manyan filayen da gine-gine suka kewaye. A Yuli ya ci zinaren gasar jami'o'in duniya a Sheffield, a Satumba ya kare kambunsa na Afirka a Alƙahira. Tsakanin waɗannan biyu akwai gasar duniya ta Tokiyo, inda ya kai zagayen ƙarshe amma bai kusanci lambar yabo ba. Lars Riedel na Jamus ne ya ci da mita 66.20, ƙasa da abin da Olukoju ya jefa wata uku kafin nan. A ganina wannan ne wurin da ya fi ciwo a tarihinsa, domin hannun ya riga ya nuna zai iya.

A Agustan 1994 Olukoju ya sake haɗuwa da Reiterer a gasar Kwamanwel ta Victoria a Kanada, gasar da Afirka ta Kudu ta dawo cikinta bayan fiye da shekara talatin. Wannan karo Reiterer ya jefa 62.76, Olukoju 62.46, santimita 30 suka mayar da zinaren Ostareliya. Karo na uku bai samu ba. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, a daidai lokacin da shugabannin Kwamanwel ke taro a Auckland ɗin nan, garin da aka buga taken Najeriya shekara biyar kafin nan, kuma a wannan taro aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar. Ƙasar da ta saba ƙaurace wa gasa don kare haƙƙin wasu ta zama wadda aka rufe wa ƙofa, har gasar Kuala Lumpur ta 1998 ta wuce babu ɗan Najeriya ko ɗaya. Jagorancin faifan Afirka ya koma kudu, hannun Frantz Kruger na Afirka ta Kudu, wanda ya ci tagulla a Olamfik ta Sydney a 2000, ya ci zinaren Kwamanwel a Manchester a 2002, ya kuma jefa mita 70.32 a wannan shekara.

Mita 67.80 na Modesto ya zauna a littafin bajintar Najeriya fiye da shekara talatin babu namijin da ya taɓa shi. Zinaren faifai na Kwamanwel kuwa sai da ya yi shekara 32 kafin ya sake zuwa gida, ta hannun mace: ranar 2 ga Agustan 2022, a filin Alexander na Birmingham, Chioma Onyekwere, haifaffiyar Amurka, ta jefa mita 61.70 ta ci, Jade Lally ta Ingila ta zo ta biyu, Obiageri Amaechi ta Najeriya ta ɗauki tagulla.