Gig Nawa Ne? Sunayen da Ake Ciniki da Su a Layin Tip Toe

Saurayin Nima ko Mamobi a Akra da ya tara kuɗi zai haɗa kwamfutar wasa ba ya doguwar tafiya. Yana sauka Kwame Nkrumah Circle sai ya kutsa layin Tip Toe, inda wayoyi da kwamfutoci ke jibge tun daga teburan bakin hanya har cikin shaguna. Tambayar farko kusan ɗaya ce a bakin kowa: "Maigida, girafis ɗin nan gig nawa ne?" Mai shago ya amsa: "Takwas ne, ƙanena, har 4K yana ja." Cikin wannan 'yar magana an ambaci sunaye uku, kowanne da farashinsa rataye a wuya, kuma da wuya a samu wanda yake nufin abin da mai saye ya ɗauka. Abin yana damuna, domin kuɗin da ke aljihun saurayin nan sau da yawa kwasar susu ce, wato adashe, ta watanni, ko aike daga yayansa da ke ƙasar waje.

Girafis gutsuren sunan Turanci ne, shi ne kuma ya zauna a bakin mutane. Masu son fassara kan ce katin hoto ko katin zane. Na fi karkata ga na biyun, domin katin hoto yana kai hankali ga katin shaida, alhali aikin wannan na'ura shi ne zana hoto sabo fil, sau goma-goma cikin kowace daƙiƙa. Kalmar kati kuwa tsohon gado ce. Da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981, ya bar ramuka a cikinta inda ake soka faifan lantarki siriri don ƙara mata wani aiki. Ɗaya daga cikin faya-fayan, mai suna CGA, yana zana ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launi huɗu. Yau RTX 4090 ya haura kilo biyu, da fankokinsa da ƙarafan sanyaya shi, amma sunan kati bai bar shi ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ana ce mata GPU, sunan da kamfanin Nvidia ya yayata a 1999 don tallar GeForce 256. Yana da kyau a riƙe wannan tun da wuri: yawancin sunayen nan a ofishin talla aka raɗa su, ba a wurin awo ba.

Gig shi ne ya fi cin kuɗin jama'a. Abin da yake aunawa girman ma'ajiyar katin ne, wurin da yake baza hotuna da launukan da yake aiki da su. Kamar teburin tela ne: faɗinsa yana hana yadi zubewa ƙasa, amma saurin ɗinki yana hannun telan da kekensa. RTX 3060 ya fito a 2021 da gig 12 a kan dala 329. RTX 3070 ya fito da gig 8 a kan dala 499, RTX 3080 kuma gig 10 a kan dala 699, kuma dukansu biyu sun bar na farkon a baya nesa ba kusa ba. Wanda ya bi gig kaɗai zai ɗauka ya yi wa kasuwa wayo. A kwamfutar cinya akwai wani tarkon: mai shago na iya buɗe shafin bayanai ya nuna gig masu yawa, alhali aro ne daga ma'ajiyar kwamfutar kanta. Shi ya sa waɗanda suka goge a Circle suke tambaya ko dediketed ne, wato ko katin yana da tasa ma'ajiyar.

Lambobin da ke jikin sunan ma ba a karanta su kamar kuɗi, inda babba ya fi ƙarami. A tsarin Nvidia, lambobin gaba suna nuna zamani, biyun ƙarshe suna nuna aji. GTX 1650 na 2019 bai kai GTX 1060 na 2016 mai gig 6 ƙarfi ba, balle 1080. RTX 4060 bai kamo 3080 ba. Kuma 1080 na jikin kati ba shi da wata dangantaka da 1080 na allo, haɗuwar lamba ce kawai. Harafin R na RTX, wanda ya shigo a 2018, yana nuni ga dabarar bin sawun haske don inuwa da ƙyalli su yi kama da na zahiri. Ti gajarta sunan ƙarfen titaniyam ne, ma'anarsa a kasuwa an ɗan ƙara wa katin ƙarfi.

Da a ce suna ɗaya abu ɗaya yake nufi kullum, da da sauƙi. GTX 1060 ba iri ɗaya ba ne, kuma mai gig 3 an rage masa har ma'aikatan cikin ƙwaƙwalwa, 1,152 maimakon 1,280. GT 1030 ma iri biyu ne, ɗaya da ma'ajiya mai sauri, ɗaya da mai nawa, suna kuwa ɗaya. Kamfanin AMD ya sayar da wani RX 580 a Sin a 2018 wanda a aiki ya fi kusa da RX 570. RTX 4090 na kwamfutar cinya gig 16 ne, na tebur 24, kuma ƙwaƙwalwarsu ba ɗaya ba ce. A Oktoban 2022 Nvidia ya janye wani kati da ya raɗa wa RTX 4080 mai gig 12 bayan masu saye sun yi ca a kansa, ya dawo da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti, ya kuma rage dala 100 daga farashin da ya fara sanarwa. Kati ɗaya ne, suna ya sauka, kuɗi ya bi shi. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa sunan ma ana biyan kuɗinsa ba.

Sai allo. A wasu fassarorin intanet za ka ga an rubuta ƙudurin allo, an ɗauko ma'anar kalmar Turancin da ta shafi majalisa an ɗora wa gilashi, har Bahaushe ya rasa gane kan maganar. Abin da ake nufi yawan ɗigo ne, kuma da haka ya kamata a kira shi. Duk hoton da ke fuskar talabijin ko kwamfuta ƙananan ɗigogi ne jere a sahu-sahu, kowanne da launinsa. Cikin duk sunayen kasuwar nan, wannan ne kaɗai mutum zai iya lissafawa da kansa, ya ninka kwance da tsaye. Abin da ake kira HD ko 720p shi ne 1,280 sau 720, ɗigo 921,600. Full HD ko 1080p shi ne 1,920 sau 1,080, ɗigo 2,073,600. Na 1440p, 2,560 sau 1,440 ne, ɗigo 3,686,400. Shi kuwa 4K na talabijin, 3,840 sau 2,160 ne, ɗigo 8,294,400. Harafin p yana nufin ana zana dukan sahun a lokaci guda, saɓanin i na tsohon tsari mai tsallake sahu ɗaya ya zana ɗaya.

A lura da sauyin da aka yi a tsakiyar hanya. Daga 720 zuwa 1080 zuwa 1440, tsaye ake ƙirgawa. Da aka zo na gaba, maimakon a ce 2160 sai aka juya aka ƙirga kwance, aka aro sunan 4K daga masana'antar fim, inda faɗin hoton 4,096 ne. Na talabijin bai ma cika dubu huɗun ba. Wannan juyin ya haifar da ruɗani na biyu: a shaguna ana kiran 1440p da 2K, alhali 2K na 'yan fim 2,048 sau 1,080 ne, wato ɗan'uwan Full HD na jini. Akwai kuma tambarin HD Ready, wanda masana'antun Turai suka fito da shi a 2005. Talabijin mai wannan tambari tana karɓar hoto mai ɗigo da yawa, amma da abin da take da shi take nuna shi, galibi 1,366 sau 768. Talabijin masu inci 32 da yawa irin wannan ne, kuma su ne suka fi sauƙin saye ga mai buɗe gem senta.

Nan ne allo da kati suke haɗuwa a aljihu. 4K ya ninka Full HD sau huɗu cif, ya ninka HD sau tara. Wasa mai santsi yana son hoto 60 a daƙiƙa. A Full HD, kati zai zana ɗigo kusan miliyan 124 kowace daƙiƙa, a 4K kuwa kusan miliyan 498. Saboda haka wanda ya zaɓi allo ya riga ya yanke wa kansa kuɗin kati, ko ya sani ko bai sani ba. Maganar "yana jan 4K" gaskiya ce a rabi: ƙaramin kati ma yana iya nuna fim ko shafin rubutu a 4K, amma zana filin ƙwallo da 'yan wasa 22 da 'yan kallo a wannan yawan ɗigo wani aiki ne dabam. Kamfanonin ma sun san nauyin. PlayStation 4 Pro na 2016 yakan zana ƙasa da 4K ya cike gurbi da dabara. DLSS na Nvidia na iya zana hoto a 1080p ya kumbura shi zuwa 4K da ƙiyasin na'ura. Dabara ce mai amfani, ina kuma yaba mata, sai dai hoton da aka ƙiyasta da wanda aka zana duk 4K ake ce musu. Ƙididdigar da dandalin Steam ke yi wa masu wasa a duniya ta nuna a 2024 fiye da rabinsu a 1080p suke, masu 4K ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saurayin Mamobi da ya tsaya a Full HD yana tare da mafi yawan masu wasa na duniya.

Farashin duk da dala ake yanke shi, saurayin kuwa da sidi ake biyansa. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce, zuwa Nuwamba ta haura 14. Katin dala 300 ya tashi daga wajen sidi 1,800 zuwa sama da 4,200 ba tare da an taɓa ko dunƙulen jikinsa ba, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar mai shago. Kuɗin ma suna biyu gare shi. Tun Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, amma har yau manya da 'yan kasuwa da yawa miliyan ɗaya suke ce wa sidi 100. Idan saurayi ya gaya wa mahaifiyarsa kuɗin katin nan na sidi 4,200, miliyan 42 za ta ji. Sunan sidi kansa daga kalmar Fanti ta wuri ya fito, kamar yadda kuɗi a Hausa jam'in wuri ne.

Shi ya sa kasuwar ta koma hom yus, sunan da ake ba kayan hannu da aka shigo da su daga waje, abin da a Kano za a ce ɗan Kwatano idan mota ce. Sunan yana ɗauke da alkawari: an yi amfani da shi a gida, a ƙasa mai sanyi, cikin lallaɓawa. Game da firiji ko talabijin yana iya zama haka. Kati kuwa yana da tarihi na musamman. Daga 2017, sannan a 2020 da 2021, masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum sun wawashe katuna suna kunna su dare da rana, har farashi ya ninka a duniya. A Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙar da kati ta tsaya, katunan suka kwararo kasuwar kayan hannu, RX 580 mai gig 8 na kan gaba. Ba lallai irin wannan katin ya lalace ba, wasu suna aiki lafiya, amma fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyi ya bushe, kuma zafi da ƙurar Akra ba sa ragawa. Akwai kuma jabu tsantsa: tsohon GTS 450 na 2010 da aka sauya wa bayanan ciki don ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar da nau'in ma'ajiyar, tana kuma yi wa da yawa daga jabun alama. Haƙƙin mai saye ne a soka katin, a buɗe manhajar, a kunna wasa ya yi zafi a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi.

Mai gem senta a Nima, wanda yara ke cika wa ɗaki bayan makaranta da Islamiyya, wasa ɗaya ne ke riƙe da kasuwarsa. Kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma EA Sports FC, yara dai FIFA suke cewa. Abin da suke biya dominsa shi ne ƙwallo ta tafi ba tare da hoto ya tsinke ba, kuma matsakaicin kati ya isa wannan a Full HD. Akwai lamba ɗaya da ba ta shiga sunan kowane kati, ba kuma kasafai ake tambayarta a Tip Toe ba, wato wutar da yake sha. GTX 1060 wat 120 ne, RTX 4060 wat 115, RTX 4090 wat 450. Idan an matsa musu aiki awa 10 a rana, na farko zai ci yunit 1.2, na ƙarshe 4.5. A shago mai kwamfuta 10, cikin kwana 30, yunit 360 ke nan a gefe ɗaya da 1,350 a ɗayan, daga mitar da sai an loda mata kuɗi kafin ta ba da wuta, ban da na allo da na fankar da ke kore zafin da katunan suka zuba a ɗakin.