Waƙoƙin Sojan da Ya Komo Gida

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Nijeriya da suka yi wa Ingila yaƙi a Bama suka komo gida. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya tarye su da waƙarsa "Maraba da Soja". Yabo ce, amma zancen 'yancin ƙasa ya ratsa ta.

Waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi kuwa, taryarsu ta yi muni. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka harbe sojoji baƙar fata da suka nemi albashinsu. Leopold Senghor, wanda shi ma Jamusawa suka taɓa tsarewa, ya yi musu waƙar makoki, aka buga ta a 1948.

Ƙishin 'yancin nan bai tsaya a waƙa ba. A Treichville ta Abijan, inda Hausawa da yawa suke ciniki, aka kafa jam'iyyar PDCI a Afrilu 1946. A watan nan kuma Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar. Wanda ya san waɗannan shekaru, shi zai gane abin da mawaƙan suke nema.