Yadda Aka Gano Sirrin Ɓeran da Ke Ƙin Cin Guba

Manomin da ya tara gero ko riɗi a Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san wannan labari. Ya sayo maganin ɓera ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya zuba a gindin rumbu. Daren farko ɓeraye su mutu, daga nan sauran ko shinshinawa ba sa yi. Sai a ce maganin jabu ne. Sau da yawa ba haka ba ne: ɓeran da ya ɗanɗana ya sha da ƙyar ya ɗauki darasi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana a Jami'ar Oxford ta Ingila, ƙarƙashin Charles Elton, sun yi fama da wannan hali wajen kare rumbunan hatsi. Dabararsu ita ce a ciyar da ɓera abinci marar guba na 'yan kwanaki, sai ya saki jiki sannan a haɗa masa da guba. A 1948 aka fito da warfarin a Amurka, gubar da ke ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, don haka ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi.

A 1955 John Garcia ya nuna cewa ɓeran da ya sha ruwan zaƙi, sannan aka sa masa tashin zuciya, yakan ƙaurace wa ruwan. A 1966 ya tabbatar cewa darasin yana zaunawa ko da ciwon ya zo bayan sa'a guda ko fiye. Masana da dama sun yi tababa, domin a fahimtarsu sai azaba ta biyo nan take dabba ke koyo.

Sai a 2015 ɗakin binciken Richard Palmiter a Seattle ya gano wasu ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa masu ɗauke da sinadarin CGRP. Su ke karɓar saƙon ciwo daga ciki, su miƙa wa amigdala, sashen da ke ajiye tsoro. Idan aka toshe su, darasin ba ya kama ɓera sosai. A 2025 ayarin Ilana Witten a Princeton ya nuna cewa saƙon yana farfaɗo da ɗanɗanon baƙon abincin a amigdala, ya ɗaura masa laifi.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu; haka ɓera yake. Ƙara guba ba ya goge wannan tunani, sai dai ya jefa yara da kaji cikin haɗari. Toshe ramuka, share gindin rumbu da adana hatsi a mazubin ƙarfe sun fi amfani.