Rabon Riba Tun Daga Ƙiradi Har Zuwa Lissafin Shapley

Tun zamanin da fatake ke ratsa hamada da dukiyar da ba tasu ba, akwai mas'alar da ta dami masu shari'a da masu hisabi baki ɗaya, wato idan wani ya ba da jari, wani ya ba da ƙarfinsa da basirarsa, alhali babu wanda ya san abin da Allah zai hukunta a hanya, da wane ma'auni za a auna haƙƙin kowa?

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, sun biya ta Basra, inda gwamnanta Abu Musa al-Ash'ari ya damƙa musu kuɗin baitulmali su kai Madina, suka sayi haja a Iraki, suka sayar da riba. Halifa Umar ya nemi su mayar da uwar kuɗi da ribar duka, sai Ubaidullahi ya kafa hujja da cewa da dukiyar ta salwanta, su za su biya. A ƙarshe aka mai da al'amarin ƙiradi, wato tarayyar mai jari da mai aiki a kan rabon riba, baitulmali ya karɓi jarinsa da rabin riba. Malaman Malikiyya kuwa suka shar'anta a yanke rabon tun kafin tafiya, rabi ko sulusi ko rubu'i, suka hana a ƙayyade wa ɗayansu adadin kuɗi sananne, domin kada ribar duka ta tafi ga mutum guda.

Masana lissafi sun zo wa mas'alar ta wata ƙofa. A shekarar 1953 Lloyd Shapley, mutumin Amurka, ya ce a ƙaddara abokan tarayya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, a duba abin da kowane ya ƙara wa waɗanda suka riga shi, a maimaita haka a kan dukkan jerin da zai yiwu, sa'an nan a ɗauki matsakaici. Mutum uku suna da jeri shida. Sai dai hisabin ya ɗauka kowa shi kaɗai ya zo, abin da ko yaro ya san ba haka kasuwa take ba. Guillermo Owen, haifaffen Kolombiya, shi ya gyara wannan a 1977, ya ce a fara rabawa tsakanin ƙungiyoyi tamkar kowace mutum ɗaya ce, daga baya kowace ta raba kasonta tsakanin 'ya'yanta, kuma a ganina a nan ne ilmin ya kusanci yadda mutane suke.

Wahalar da ta rage ita ce, dole a san ƙimar kowane haɗi da zai yiwu, ga shi mutum 20 suna ba da haɗi fiye da miliyan ɗaya, shi ya sa masu amfani da wannan hanya a yau, har da masu auna tasirin kowane bayani a cikin hasashen kwamfuta, galibi kintace suke yi da samfuri kaɗan.